Rahamatu Mai Kunyar 'Yar Fari

A duk Sabon Ibadan, daga bakin masallacin Juma'a har gangaren Mokola, in ana maganar mace mai kunya, sunan Rahamatu matar Alhaji Maikuɗi ake fara kawowa. Ba kunyar miji ba, wannan kowace mace ta iya ta a gaban mutane. Kunyar 'yar fari. Ai kun san al'adar: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta sakar masa fuska, ba ta zama su yi hira. To, yawancin mata sama-sama suke yin abin, a gaban surukai a ɗaure fuska, in an shiga ɗaki a rungume ɗa. Rahamatu kuwa sana'a ta mai da shi. Shekara goma sha shida da haihuwar Haulatu, ba wanda ya taɓa jin ta yi mata magana baki da baki. In tana son yarinyar ta ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Randar nan dai ta bushe, kuma akwai masu ƙafa a gidan." In shara take so, kaza take gaya wa. Akwai wata kaza wake-wake a gidan da ta sha saƙo fiye da masinjan ofis.

Matan layi kan zo su zauna suna tafa hannu, su ce, "Kai, Rahamatu! Ke kam an kawo ki Kurmi, amma ba ki bar tarbiyyar gida a tasha ba."

Ita kuma ta sunkuyar da kai tana ɗan murmushi, kamar an ce da ita ga takardar shiga Aljanna.

Da can abin bai dami kowa ba, don Haulatu a hannun gwaggonta Binta ta tashi, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari. Amma da rigima ta ɓarke, aka yi ta jita-jitar za a tasam ma Hausawan Kurmi, sai Gwaggo Binta ta ɗaure kayanta ta hau jirgin Kano. Yarinyar aka dawo da ita ɗakin uwarta, don ta isa aiki, kuma ba a yar da mai aiki.

Alhaji Maikuɗi fatoma ne. Fataken goro daga Arewa a gidansa suke sauka, ya ba su ɗaki, ya haɗa su da Yarabawa masu goro, ya tsaya a ɗaura huhu a loda. Da yaƙin basasa ya kankama, soja suka kwashe rabin motoci, sauran kuma kowane shinge sai an sauke kaya an caccake su. Baƙon da a da yakan yi ɗan kwanaki ya wuce, yanzu sai ya zauna har a san irin minsharinsa. Rahamatu ce ke dafa musu tuwo daga cikin kulle, Haulatu ke ɗauka ta kai ɗakunan waje.

Cikin baƙin nan akwai Nata'ala, ɗan wani babban falke wanda rabin goron da ke bi ta hannun Alhaji nasa ne. Saurayi ne mai agogon hannu da ba ya tafiya, da turaren da kan riga shi shiga wuri, da rediyo a hammata. Kullum yana bayanin yadda za a ci yaƙin nan da shi ne ke riƙe da soja, alhali ko tayar mota ce ta fashe sai ya nemi bayan huhun goro. Alhaji kan kira shi "ɗana", yana yi yana washe baki.

Wata Juma'a maza duk suka tafi masallaci, Nata'ala ya ce zazzaɓi yake yi. Rahamatu ta zuba tuwo da miyar kuɓewa a langa, ta dubi kaza ta ce, "Marar lafiya dai yana jira." Haulatu ta ɗauka ta nufi ɗakin ƙarshe, inda Nata'ala ya sauka.

Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo, ɗankwalinta a hannu, babu murfin langa, ta wuce bayan ɗaki ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Rahamatu ta gani. Kada wani ya ce muku ba ta gane ba. Macen da kan san maƙwabciya ta yi ciki tun kafin mijin ya sani, ita ce za ta kasa karanta fuskar 'yar da ta haifa? Amma sai ta gyara zama, ta ce wa tukunya, "Murfi dai ba ya tafiya da ƙafarsa."

Washegari da safe Haulatu ta zo ta durƙusa a bakin murhu.

"Inna," ta ce, "ina da magana."

Rahamatu ta ci gaba da hura wuta.

"Inna, don Allah. Gwaggo ba ta nan. Ba ni da wanda zan gaya wa."

A nan fa Rahamatu ta ji maganar ta taso mata har maƙogwaro. Kalma ɗaya ce, "faɗi". Amma katangar gidan gajera ce, kuma tana jin maƙwabciya na tankaɗe a ɗaya gefen. In aka ji muryarta tana zance da 'yar fari, shekara goma sha shida na suna ya tafi a banza. Sai ta haɗiye, ta dubi hayaƙi ta ce, "Wasu ba su san ana aiki da safe ba."

Haulatu ta tashi.

To, akwai abin da 'yan matan talla suka sani a Sabo, wanda iyayensu mata ma sun sani amma suna yi kamar ba su sani ba. A gangaren Mokola akwai kemis na wani Ibo da ake ce wa Dokta. In tsautsayi ya afka wa mace, ta je da wuri kafin abu ya zauna, yakan naɗe mata wasu ƙwayoyi a takarda, ya gaya mata yadda za ta sha, bai tambayi 'yar wane ce ba. Ko ƙwayoyin suna yi ko ba sa yi, Allah ne masani. Mata dai sun yarda da su, kuma ba a taɓa jin sun kwantar da kowa ba. Sai dai Dokta ya kwashi iyalinsa ya yi Gabas tun kafin a harba bindigar farko. Kantin ya faɗa hannun Ladan, abokin Alhaji Maikuɗi, tsohon dillalin shanu wanda bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Da launi yake sayar da magani: fari na ciwon kai, ja na ƙarin jini, mai ruwan ɗorawa na duk abin da ya rage.

Can Haulatu ta je, da farantin talla a ka don kada a ce me ya kai ta. Abin da aka yi a kantin Rahamatu ba ta gani ba, amma kafin la'asar labarin ya iso mata har da yadda Ladan ya karkata hula.

"A'a, 'yar Alhaji! Me aka aiko ki?"

"Baba Ladan, maganin nan nake so. Wanda Dokta ke naɗewa a takarda."

"Wanne? Dokta ai komai a takarda yake naɗewa."

"Na mata. Wanda ake sha da wuri."

Ladan ya ajiye carbi. Akwai mutum uku a kan benci suna jin labarin yaƙi a rediyo, sai ya ɗaga murya don kada su yi asarar komai.

"La'ilaha illallahu! Ke? Ke da aka yi sunanki ina riƙe da ƙafar rago? Wa ya aiko ki?"

"Wata ce."

"Wata ce! To je ki ce wa watan ta zo da uwarta. Ko ubanta. Nan ba kantin arna ba ne yanzu, ba na ba yarinya irin wannan sai da bakin iyayenta. Ni ma ina da 'ya'ya."

Yana da su kam, a gida uku, har da wanda ba a yi wa suna ba. Kuma ko da uwar ta zo, Ladan bai san wace kwalba ce ba. Amma ya samu abin da ya fi ciniki daɗi, ya rufe kanti da wuri ya tafi rumfar goro neman abokinsa.

Bayan la'asar Alhaji Maikuɗi ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Rahamatu, bai ko cire takalmi ba.

"Ke, Ladan ya ce an ga 'yarki a kemis tana tambayar maganin matan banza."

"'Yata, Alhaji? Yaushe ka taɓa jin na ce ina da 'ya?"

"Kada ki kawo mini wannan yanzu. Maganar mata ce, ki san yadda za ki yi da ita."

"Ni da ba na ko kallon inda take? Kai ne ubanta. Kai ka kira ta ka tambaye ta wa ya..."

"Ban tambaye ki wa ba!" Ya waiga wajen zaure, ya rage murya. "Kuma ki ji da kyau. Baƙona ba a tayar masa da hankali. Uban yaron nan in ya ɗauke goronsa ya kai gidan wani, a yaƙin nan, ƙasa za mu ci. Kin ji ko?"

Rahamatu ba ta ambaci baƙo ba. Ba wanda ya ambaci baƙo. Ta dube shi, ya dubi bango, suka fahimci juna sarai, irin fahimtar da ba su taɓa yi ba tun ranar da aka kawo ta gidan.

"To in je kemis ɗin da kaina?" ta ce.

"Matata? A titin Mokola, soja ko'ina? A ce me?"

Ya gyara babbar riga ya fita, don an kusa kiran magariba kuma shi ba ya rasa sahun gaba.

Rahamatu ta kwana tana juyi. Kada a zalunce ta, ta damu. Ta tuna da yadda ciki kan fito, da yadda matan layi za su zo yi mata jaje da idanu suna ƙyalli. Ta ɗan tuna da yarinyar ma. Da gari ya waye sai dabara ta zo mata, irin dabarar da take ganin ba kowace mace ce za ta iya ba: za ta yi wa 'yarta magani ba tare da ta yi mata magana ba.

Ta fito da kayan wanki. Ta ɗauko ƙullin bula sabo, wanda ake sa wa fararen rigunan Alhaji, da wani dunƙulen jar kanwa kamar kan jariri, da lemun tsami cike da ƙwarya. Ta jera su a kan ɗan dakalin bayan ɗaki inda Haulatu ke zaune. Sannan ta juya baya, ta watsa wa kaza tsaba.

"Ke wake-wake," ta ce, "a garinmu, in tsautsayi ya sami mace, ba ta zuwa kanti ta tona wa iyayenta asiri. Bula take jiƙawa da kanwa, ta matsa lemo, ta shanye. Haka na ji manya na faɗi."

Haka ta ji kam. Ba ta taɓa gani an yi ba, ba ta san wadda ta sha ta tashi ba.

Haulatu ta dubi kayan, ta dubi bayan uwarta.

"Inna, kamar yaya zan sa? Kaɗan ko da yawa?"

Rahamatu ba ta sani ba. Da ta juyo ta ce "ban sani ba, bari mu nemi wadda ta sani", da labarin ya canza. Amma juyowa magana ce. Ta karkaɗe zaninta ta ce wa kaza, "Masu tambaya dai ba sa gajiya," ta shige ɗaki ta saki labule.

Yarinya ta ga an ajiye mata abu, ta ɗauka abin da aka ajiye shi ne ma'auni. Ta jiƙa duka.

Wajen tsakar rana Rahamatu ta ji wani irin kakari a bayan ɗaki. Ta leƙa. Haulatu na kwance a ƙasa ta naɗe kamar tabarma, bakinta shuɗi, abin da take amayarwa shuɗi da ja. Rahamatu ta ƙwalla ƙara. Ta ruga zaure, ta kai hannu ga ƙofa, sai ta tsaya cik. Rana tsaka, ba mayafi, ba izinin miji, ga baƙi zaune a waje. Ta koma ciki da gudu, ta sake dawowa zaure, ta sake komawa, tana ta salati kamar salatin ne zai ɗauki yarinyar ya kai asibiti.

Allah ya sa Iya Alata na cikin layin. Wata Bayarabiya ce mai tallar tattasai da tumatir, ƙatuwa, mai murya kamar ta kwandastan mota, wadda ke shiga gidajen kulle tana sayar wa matan Sabo kayan miya. Rahamatu ta daɗe tana yi mata kallon banza, wai mace ce mai yawo ba mayafi, mai kiran 'ya'yanta da suna tun daga bakin titi. Iya Alata ta ji ihu ta faɗo gidan da tirenta.

"Kini? Me ya faru?" Ta ga yarinyar, ta dire tire. "Yepa! Hajiya, wannan me ya sha?"

Rahamatu ta nuna ƙwaryar.

"Wa ya ba shi?"

Rahamatu ta dubi kaza.

"Kai ne uwa, ko ba kai ne ba? Ɗauko gyale, mu tafi!"

"Alhaji ba ya nan. Ban tambaya ba."

Iya Alata ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta ja wani tsaki mai tsawo wanda har baƙin waje sai da suka ji. Ta kwance ɗamararta, ta goya Haulatu kamar jaririya, ƙafafun yarinyar na jan ƙasa, ta fita tana ƙwala wa mai tasi kira da Yarabanci. Ta bi ta gaban Nata'ala, yana zaune a kan benci ya kara rediyo a kunne. Ya matsar da ƙafarsa don kada aman ya taɓa masa takalmi.

Da yamma Iya Alata ta dawo ɗaukar tirenta. Ta ce yarinya na da rai, an wanke mata ciki, amma kanwar ta ƙone ta, sai an riƙe ta. Ta ce likita ya yi faɗa, yana son ganin uwa ko uba.

Alhaji ya ce shi yana da baƙi, kuma ana lodin goron wani falke, ga shi an samu mota da ƙyar. Ya ce asibiti wurin mata ne. Rahamatu ta ce to ya ba ta izini. Ya ce sai ƙura ta lafa, don in aka gan ta a hanyar asibiti yanzu, an tabbatar da maganar Ladan ke nan. A bar shi a kan cewa ciwon shawara ne ya kama yarinyar. Rahamatu ta ga hikimar wannan. Ta dafa kunu ta ba Iya Alata ta kai, ba tare da saƙo ba.

Matan layi suka yi ta zuwa sannu.

"Shawara ce, ko?"

"Shawara ce."

"Allah sarki. Mai shuɗin nan ko? Muguwa ce." Su dubi juna. "Amma ke kam Rahamatu, sai dai a yi miki addu'a. 'Ya na asibiti, ko a fuska ba ki nuna ba. Wata ce da tuni ta zubar da mutunci tana birgima a titi."

Ta sunkuyar da kai. Murmushin bai fito sosai ba wannan karon, amma ya leƙo.

Sai da maganar ta tsufa, aka samu sabon abin yi da baki, wato wata bazawara da ta bi wani saja, sannan Alhaji ya ce ta iya zuwa. Ta lulluɓa har ido, aka sa ta a tasi. Shekara ashirin tana Ibadan, ranar ta fara ganin babban asibitin da idonta. Ko'ina soja ne da aka kawo daga bakin daga, wasu a gado, wasu a baranda, wari kamar mahauta. Ta yi ta bin ɗakuna tana leƙe. Nas-nas na yi mata tambaya da Yarabanci da Turanci, ita kuwa ko "sannu" ba ta iya ba a cikinsu, don a ganinta koyon yaren masu gari zubar da kai ne. Daga ƙarshe aka samo wani soja Bahaushe mai ƙafa ɗaya ya yi tafinta.

"Hajiya, sun ce yarinyar Sabo mai shan bula ko? An sallame ta tuni. Ana bukatar gadon."

"Ina ta tafi?"

Ya tambaya, ya juyo. "Sun ce uwarta ta tafi da ita."

"Uwarta?"

"Wata ƙatuwar Bayarabiya. Ita ke kwana da ita, ita ke yi mata wanka. Sun ce yarinyar da bakinta ta ce can za ta, ƙauyensu matar, wajen Akinyele. An tambaye ta ko a aika Sabo, ta ce kada a wahalar da kowa." Ya dube ta. "Ke wace ce tata?"

Rahamatu ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce, "Maƙwabta ne."

Iya Alata ba ta ƙara shiga layin ba, ta mai da tallarta wata unguwa. Alhaji da ya ji, sai ya ce to, Allah ya sa hakan ne mafi alheri, a ce an kai ta wurin dangi canjin iska. Ko Akinyele ɗin bai tambayi ta ina ake bi ba. Ladan ya ce shi dai ya sauke nauyinsa, da kowane mai kanti na da tsoron Allah irin nasa da garin nan ya gyaru.

Rahamatu ta koma ɗakinta ta zauna. Ta yi kuka, wannan gaskiya ne, amma sai da ta tabbatar maƙwabciya ta daina tankaɗe. Da rana ta take sai ta share ido ta tashi, don baƙi ba su san an yi rashi ba, kuma motar Nata'ala har yanzu ba ta samu ba. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, ta zuba a sabuwar langa mai furanni. Ta tsaya da ita a hannu tana dube-dube, babu mai ɗauka.

Sai ta ƙwala kira, "Sa'adiya!"

Ƙanwar Haulatu ce, shekararta goma sha biyu. Wannan ba 'yar fari ba ce, ba kunya tsakaninsu, duk abin da Rahamatu ke son gaya mata tana iya gaya mata da baki, ido cikin ido. Yarinyar ta zo da gudu tana gyara ɗankwali. Uwar ta ɗora mata langar a ka, ta riƙe kafaɗarta, ta daɗe tana kallonta kamar mai shirin faɗin babbar magana.

"Ɗakin ƙarshe za ki kai," ta ce. "Ki kula da kwanon nan, sabo ne."